Sarƙar Matar Ma'aji

A talabijin shi ne Ma'aji, mai riƙe da mabuɗin taskar zinariyar wani sarkin aljanu. Sarakuna kan durƙusa gabansa neman rance, shi kuwa yana shafa gemu yana ja musu rai. Sunan ya bi shi har gida, ko surukansa Ma'aji suke ce masa. A zahiri kuwa wata biyar ke nan kamfanin fim bai biya shi ba, banki kuma ya aiko takarda ta uku kan bashin motarsa.

Matarsa ce ta tsinci takardar a aljihunsa wajen wanki. Ba ta yi faɗa ba. Ta ɗauko sarƙar gwal da mahaifiyarta ta bar mata, ta ce, "Baban yara, tashi mu je mu sayar, ka rabu da mutanen nan."

Tun bara ya sayar da sarƙar ta ainihi a ɓoye, ya sa mai haɗa musu kayan fim ya ƙera irinta da tagulla. Ya ce kansa na ciwo, ya ce a bari sai gobe, ba ta saurara ba. Sau biyu gaskiya ta zo masa har maƙogwaro a hanya, ya haɗiye.

Mai shagon gwal na ganinsa ya miƙe. "Ma'aji da kansa! Yau shagon gaba ɗaya za ka kwashe?" Maƙwabta suka taru, aka sha hotuna. Sannan mai shagon ya goga sarƙar a baƙin dutse, ya ɗiga ruwan gwaji. Dariyarsa ta ɗauke. Ya sake gogawa.

"Hajiya, wannan ai tagulla ce."

Ta dubi sarƙar, ta dubi mijinta. Shi ya ƙura wa sikeli ido.

"Au, ni na yi kuskure," ta ce da murmushi. "Ta wasan yara na ɗauko. Yi haƙuri, malam."

Sai a ƙofar gida ta tambaye shi.

"Yaushe?"

"Bara," ya ce, murya can ƙasa.

"Na sa ta a bikin ƙanwata, ina ta nuna wa mutane cewa ta Mama ce."

Ya rasa inda zai sa fuskarsa. Washegari ya sayar da motar ya biya banki. Abin da ya rage bai kai rabin kuɗin sarƙa ba, ya ajiye mata a kan gado. Ta biya kuɗin makarantar yara da shi. Sai da aka yi sati biyu kafin ya iya zama cin abinci tare da ita.