Waya Ta Bakwai

Tun ranar Litinin da Auta ta sabunta manhajar sabarta, gidan bai ƙara samun kwanciyar hankali ba. Sabar dai ba wani abin a zo a gani ba ce. Tsohuwar kwamfuta ce da aka yar a wurin aikinta, inda take gyaran na'urorin asibiti, ta kwaso ta, ta share mata ƙura, ta girke ta a lungun falo kusa da kujerar Baba. A ciki ta tara hotuna da bidiyoyin gidan na shekara talatin, kowa yana iya buɗewa daga wayarsa ko da yana wata uwa duniya. Shekara biyu abar nan tana aiki ko tari ba ta yi ba, sai hannu ya yi wa Auta ƙaiƙayi ta danna sabuntawa.

Daga ranar, kullum kafin ƙarfe bakwai na safe sabar za ta sandare, fankarta ta hau ƙugi. Auta ta kashe ta kunna, ta fita aiki a guje, washegari a maimaita.

Baba kuwa dama jira yake. Tsohon direban bas ne, kuma tunda Mama ta tafi wurin Yaya da ta haifi tagwaye, wata biyu ke nan, ko ƙuda ya gifta sai ya ji faɗa. In ka tambaye shi Mama, sai ya ce ai kunnensa ya huta.

"Auta, wannan akwatin naki ya ishe ni," ya ce ranar Laraba. "Ga shan wuta, ga gurnani a ƙeyata. Ni ban taɓa ganin amfaninsa ba. In Juma'a ta yi bai daina ba, ki fitar min da shi daga gida."

Auta ta san Baba ba ya magana biyu, kuma ɗakinta ko igiyar intanet ba ta kai ba. In sabar ta bar falon nan, ta tafi ke nan.

Ranar Alhamis ta ɗauki hutu, ta shimfiɗa tabarma a gaban akwatin, ta jona masa allo. Saba tana da kundi da take rubuta duk abin da ya same ta, wa ya nemi me, da ƙarfe nawa, an ba shi ko an hana shi. Nan Auta ta nufa, kundin ya ƙi buɗuwa. Da ta duba girmansa sai da ta yi salati. Ya kumbura har ya cinye faifan ajiyar sabar kaf, babu masaka tsinke. Ashe ba ciwo ne da sabar ba, surutu ne ya yi mata yawa har ta rasa inda za ta rubuta, ta shaƙe.

Ta yanko ƙarshen kundin ta karanta. Layi ɗaya ne ake ta nanatawa: waya ta bakwai ta nemi bidiyo, ba a same shi ba. Sai ta gane. Sabuntawar ta sauya wa foldar bidiyo suna, duk wanda ya ajiye gajeriyar hanya a fuskar wayarsa sai ya tarar da wayam. In mutum ya danna sau ɗaya, wayar ta yi ta naci da kanta sau dubbai, sabuwar manhajar kuma kowane naci sai ta rubuta masa shafi guda na ƙorafi.

To amma wace ce ta bakwai? Da kanta ta raba lambobin. Ta ɗaya tata, ta biyu ta Yaya. Tana ƙirgawa da yatsu ta tsaya cak. Ta bakwai ita ce tsohuwar wayar da ta ba Baba, wadda ya rantse tana cikin durowa ko caji ba ya yi mata.

Ta lalubo bidiyon ta sa abin ji a kunne. Ita ta ɗauke shi bara. Mama ce tana shanya, tana zazzaga wa Baba masifa don ya bar biro a aljihu ya ɓata wanki duka, tana cikin faɗan ta ɗaga rigar ta ga taswirar tawada, sai dariya ta ƙwace mata har ta dafa igiya. Daƙiƙa arba'in ne kacal. Auta ta yi dariya, sannan ta ji idonta ya kawo ruwa, don tausayin tsohon ya kama ta. Kwana uku yana danna abin nan da sassafe, ya kasa buɗe baki ya ce ya lalace.

Gyaran bai ci minti ashirin ba. Ta haɗa tsohon sunan foldar da sabon, ta share tulin ƙorafin, ta yi wa kundin iyaka yadda ba zai ƙara wuce gona da iri ba. Fanka ta yi luf.

"Baba, an kama mai laifi," ta ce. "Wata waya ce, ta bakwai."

Baba bai sauke jarida ba. "To, sai ki hukunta ta."

Auta ta zura hannu ƙarƙashin matashin kujerarsa ta zaro wayar, cajinta fal. Ta danna, muryar Mama ta cika falon.

"Hannuna ne ya taɓa bisa kuskure," in ji Baba.

"Sau ɗari biyu da goma sha ɗaya, Baba? Na cire nacin wayar, wannan na yatsanka ne zalla."

Jaridar ta ƙara hawa sama har ta rufe hularsa. Auta ta ga abin zai zama cin fuska, sai ta sassauta murya.

"Ai ba kai kaɗai ba ne. Akwai waya ta huɗu, daga nesa take nema. Ita ma nata bidiyon ya ɓace, wanda kake barci a kujerar nan da rediyo a ƙirji kana minshari."

Jaridar ta sauko a hankali. Baba ya san ta huɗu ta Mama ce.

"Sau nawa?"

"Goma sha tara."

"Sha tara kacal?" Ya miƙe zaune. "Kira min ita!"

Mama na ɗagawa bai ko bari ta gama sallama ba. "Ashe sau sha tara kawai kika neme ni? Ni ɗari biyu da ɗoriya!"

Sai da Auta ta karɓi wayar ta yi bayani, sannan dariyar Mama ta ɓarke, irin ta cikin bidiyon sak. "Ki faɗa wa babanki jarirai biyu nake goyo, shi kuwa me yake goyo ban da jarida?"

Baba ya fizge wayar ya shige ɗaki ya turo ƙofa. Awa guda Auta tana jiyo su suna gardama, ranta fes.

Ranar Juma'a ƙarfe bakwai ta leƙo falo da tsokana. "Baba, yau ce ranar. In fitar da akwatin?"

Yana tsaye a kansa da tsumma yana goge masa ƙura. "Ki taɓa shi ki gani," ya ce. "Kuma ki nemo mota gobe da safe, uwarki za mu ɗauko a tasha."