Tabarau na Tara

Shekara talatin da ɗaya Mai Tabarau ya yi a shago guda, tsakanin mai gyaran fanka da wani kantin fenti, kuma a duk tsawon shekarun nan bai taɓa yarda akwai matsalar idon da gilashi zai kasa ba. Ba likita ba ne, bai kuma taɓa cewa shi likita ne ba. Abin da ya gada wurin ubangidansa shi ne akwatin katako mai gilasan gwaji jere a ramukansu, da injin yankan gilashi mai ƙarar tsiya, da allon haruffa da ke rataye a bangon ƙurya, taku shida cif daga kujerar gwaji. In ka zauna sai ya ɗora maka firam ɗin ƙarfe a hanci, ya zura gilashi ya zare, yana tambaya, "Wannan, ko wannan?" har sai ka karanto layin ƙasa. Sannan ya saki dogon numfashi ya ce, "To, ka ga duniya." Gwani ne, wannan kam ba a ƙwace masa ba. Sai dai irin mutanen nan ne da ko ciwon baya ka kawo musu za su tambaye ka yaushe rabonka da canza gilashi.

Matarsa kuwa, kowa a layin Madubi yake kiranta. Dalili shi ne, mai zaɓen firam dole ya cire tabaransa kafin ya gwada sabo, in ya cire kuma ba ya ganin fuskarsa a madubin bango. Sai ya juya wajenta, tana zaune bayan kantar shagon, ita kuma ta faɗa masa gaskiya tsirara. "Cire wannan, ya mai da kai mujiya." Ba ta taɓa yi wa mai saye ƙarya don a yi ciniki ba, shi ya sa ma ake dawowa. Kowace safiya ita ke share shagon, ta goge kantar, ta goge allon haruffa daga babbar E ta sama har ƙananan na ƙasa.

Abin ya fara ne shekara shida da suka wuce, kuma da abin dariya ya fara. Ta ture kofi da ke gefen kantar. Bayan kwana biyu ta bugi ƙofa da kafaɗa.

"Madubi, ƙofar nan tun kafin a haifi Auta take nan, ba ta matsa ba," in ji shi.

Ya zaunar da ita a kujerar gwaji. Ta karanta allon har ƙasa, da ɗan daddagewa a layin ƙarshe. Ya ƙara mata 'yar lamba, ya yanka gilashin da hannunsa, ya zaɓo firam mai ruwan zuma. Da ta saka ya tsaya a gabanta yana jira, kamar yaron da ya kawo sakamakon jarrabawa.

"Ya fi," in ji ta.

Ya saki numfashin nan nasa.

Ture-turen bai tsaya ba. Mutum zai tsaya a gefenta ya yi sallama ta zabura. Sai ya yi mata na biyu, ya ce wancan firam ɗin ne ya yi kauri a gefe. Na uku ya sa masa launi don hasken rana. Na biyar ya yi odar gilashinsa daga nesa, mako uku ana jira. Kowane lokaci sai ya zaunar da ita, kuma abin da ya fi faranta masa rai, karatunta na allon sai ƙara sauri yake. Har fita yake ya yi wa mai gyaran fanka kuri. "Matata ta kusa sittin, amma layin ƙasa take zubowa kamar ruwa. Aikin hannu ke nan." Tsofaffin tabaran ba ya sayarwa, a durowar ƙasa yake jera su, kowanne da 'yar takarda mai kwanan wata.

Auta, 'yarsu ta ƙarshe da ke aure a can wani gefen gari, ita ta ɓata wannan zaman lafiya. Ta zo wuni, ta ga mahaifiyarta tana zuba ruwa daga buta, ruwan na sauka a tebur, kofin na gefe ko ɗigo bai samu ba. Ta ga tana shafa tebur da tafin hannu tana neman cokalin da ke gabanta.

"Baba, gobe asibitin ido za mu kai Mama."

"Me za su yi mata da ban yi ba? Tabarau na takwas ke nan a fuskarta, na tara yana kan inji. Ke kin san likitoci nawa na yi wa gilashi?"

"Baba, don Allah."

Ya yarda ya bi su, amma don ya ga an ji kunya ne. Ya ma saka takardar lambobinta a aljihu, ya nuna wa yaran asibitin yadda ake aiki.

Ɗakin gwajin asibitin ba allo a bango. Wani talabijin ne ƙarami, likitar na danna abu a hannunta haruffan na sauyawa. Likitar matashiya ce, ba za ta girmi Auta ba, wannan ma ya ƙara masa raini. Ya zauna a benci bayan matarsa ya harɗe hannuwa.

"Mama, rufe idon hagu. Karanta min abin da kika gani, daga sama."

Madubi ta gyara zama ta ɗaga haɓa.

"E," in ji ta. "F, P. T, O, Z."

A talabijin ɗin babbar H ce ita kaɗai.

Mai Tabarau ya buɗe baki zai ce injinsu ya lalace, sai ya kasa kunne. Madubi ba ta tsaya ba, layi bayan layi take zubowa da muryarta mai daɗi, har da ɗan jinkirin da takan yi kafin layi na bakwai. Ya san jerin nan kamar yadda ya san sunansa. Allon shagonsa ne, wanda take gogewa kowace safiya shekara talatin.

Likitar ba ta katse ta ba har ta kai ƙarshe. Ta ce, "Sannu, Mama," a hankali. Auta ta juya fuskarta bango.

Gwajin da ya biyo baya ya ɗauki rabin yini. An ɗiga mata magani, an taɓa ƙwayar idon da wani ɗan ƙarfe mai shuɗin haske don auna ƙarfin ruwan ciki. An sa kanta cikin wata na'ura mai kama da kwano, aka ba ta maɓalli ta danna duk lokacin da ta ga ɗigon haske. Mai Tabarau na tsaye yana kallon babban yatsanta. Haske na walƙawa ta ko'ina cikin kwanon, yatsan na kwance.

Daga baya likitar ta zaunar da su, ta ɗauko ƙwayar ido ta roba mai buɗewa gida biyu.

"Baba, na ji sana'arka ce, don haka zan yi maka bayani sosai. Gilashinka ba laifi, na duba, lambar daidai take. Gilashi aikinsa ya tattara haske ya sauke shi daidai a nan, bangon bayan ido. Amma ido ba shi ke gani ba, ƙwaƙwalwa ke gani. Abin da ke kai mata saƙon shi ne wannan." Ta taɓa wata igiya mai ruwan ƙwai da ta fito daga bayan ƙwayar. "Jijiyar gani. Zare ne siriri fiye da miliyan a ɗaure wuri guda, kowanne da ɗan yankin da yake ɗauka. A cikin ido akwai ruwa da ke shiga yana fita. Magudanar Mama ta toshe, ruwan ya taru yana danne zaren nan, suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Na gefe ke fara tafiya, shi ya sa take buge ƙofa alhali tana iya karatu. Ba zafi, ba ja. Ƙwaƙwalwa kuma takan cike gurbin da kanta, mutum ba ya ganin baƙi, abin kawai ba ya nan."

"To a yi aiki," in ji shi. "A ɗinke jijiyar. Ko a sa wata."

"Jijiyar yatsa in ta yanke takan iya tohowa. Wannan reshen ƙwaƙwalwa ce, ba ta tohowa. Idon dama ya tafi. Na hagu saura ɗan kaɗan a tsakiya, kamar mai leƙe ta ramin makulli. Shi za mu yi ƙoƙarin riƙewa, ban kuma yi maka alkawari ba."

Bai so ya yi tambayar ba, bakinsa ne ya yi ta. "Da mun zo tun da ta fara ture kofi fa?"

Likitar ta dubi takardunta. Ya gode mata a ransa da ta yi jinkiri, ya kuma tsane ta da ta ba shi amsa.

"Da ɗigon magani safe da yamma zai iya riƙe mafi yawansa."

Takardar lambobin tana aljihunsa har suka fito, bai ciro ta ba.

Da la'asar Auta ta sauke su a shago ta tafi ɗauko kayanta, don ta ce za ta dawo gidan da zama na ɗan lokaci. Ba ta yi wa mahaifinta magana ba tun asibiti, shi ma bai nema ba. Mai gyaran fanka ya leƙo ya ce, "Yaya, an kunyata likitocin?" Da ya ga fuskar maƙwabcinsa sai ya janye kansa.

Tabarau na tara na nan kan inji, gilashi ɗaya a yanke ɗaya ba a taɓa ba. Mai Tabarau ya ja durowar ƙasa, ya dubi guda bakwai a jere da takardunsu, ya mayar ya rufe. Baƙin ciki irin wanda bai taɓa sani ba ya cika masa ƙirji, ga kunya, ga haushin da ya rasa inda zai sauke.

"Tun yaushe?" ya tambaya.

Tana zaune a wurinta bayan kantar, hannuwanta a cinya. "Tun na huɗu na daina ganin layukan ƙasa. Tun na shida, in ka rufe min hagu, ko allon ba na gani."

"Ke da ba ki taɓa yi wa baƙo ƙarya a kan firam ba."

"Baƙo ba ya tsayawa a gabana yana riƙe numfashi, Baban Auta. Kai kuwa sai na ce ya fi kake sakinsa. Na ɗauka tsufa ne. Na ce tunda ba shi da magani, me zai sa in ce maka hannunka ya gaza?"

Ya so ya yi mata faɗa, ya so ya durƙusa ya nemi gafara, ya kasa ko ɗaya. Sai ya duba agogo ya ga lokacin maganin yamma ya yi. Ya wanke hannu, ya fasa hatimin 'yar kwalbar da aka ba su a asibiti, ya cire mata tabarau na takwas ya ajiye a kan kantar.

"Ɗaga kanki. Dubi sama."

Ta ɗaga. Ya ja fatar idon hagun ƙasa da yatsa. Kusa da kusa haka idon lafiya lau yake, fari tas, baƙin na sheƙi, har yana hango kansa a ciki. Hannun nan da ke ɗaura sukurun firam wanda bai kai ƙwayar shinkafa ba, yau ya ƙi tsayawa. Ya matsa kwalbar.

"Ya shiga?"

"Ya shiga," in ji ta, da muryar nan da ya ji sau takwas.

Ɗigon yana kan kuncinta, yana gangarawa wajen kunne.