Ɗamarar Baba Tanimu

Suwaiba na tsaka da juya tarwaɗa a kan ragar banda, hayaƙi na cika mata ido, sai wayarta ta yi ƙara. Mufida ce daga Abuja, ɗiyar maƙwabcinsu Baba Tanimu. Ko gaisuwa ba su gama ba ta tambaya ko ɗamarar ta lalace ne, domin likita ya kira ta ya ce kwana tara ke nan ba wani saƙo da ya zo daga jikin mahaifinta.

Suwaiba ta waiga rumfar tsakar gida. Mahaifiyarta, Inna Dudu, na zaune a tabarma ta miƙe ƙafa, ɗamarar na naɗe a gwiwarta, 'yar fitilar da ke jikinta na ƙiftawa ja.

"Lahiyarta lau," in ji Suwaiba a sanyaye. "Tana nan wurin Inna."

Shekara talatin Baba Tanimu ya yi yana fito da jirgi tsakanin Yelwa da ƙauyukan tsallaken ruwa, har ranar da inji ya kuɓuce wa masu ɗauka ya danne masa ƙugu. Ƙashi ya warke, jijiya ta ƙi. Shekara biyu yana kwance yana cizon bakin riga, kafin Mufida, wadda ma'aikaciyar jinya ce, ta kai shi wani babban asibiti inda ake gwajin sabuwar na'ura. Aka dasa masa ita a ƙarƙashin fata kusa da jijiyar, ba ta kai ƙwallon dabino ba. Ba ta da batir. Ɗamarar da yake ɗaurawa a ƙugu ita ke tura mata wuta ta cikin fata, ba tare da an jona komai ba. Na'urar kuma ta riƙa taɓa jijiyar a hankali har zafin ya kwanta, ta saurari motsinta ta aika wa likita ta wayar tsohon. Ya dawo gida da ƙafarsa. Da yake gidan su Suwaiba ke da sola, ita ke yi wa ɗamarar caji kowace safiya, ta miƙa ta kan katanga.

Mutanen unguwa ba su ga abin da ke cikin fata ba. Ɗamara suka gani, suka ga gurgu ya tashi. Inna Dudu, wadda gwiwa ta hana ta sujada tun bara, ta dafa bango ta je da kanta ta roƙi aro. Ya kwance ya ba ta, ya ce ta riƙe har ta samu sauƙi. Ta dawo tana cewa abin da ɗumi, kwana uku kuma ta kai goshinta ƙasa tana kuka.

Yanzu Mufida ta yi wa Suwaiba bayani dalla-dalla. Ɗamarar ba ta yi wa kowa komai sai mai na'ura a jiki. Jar fitila na nufin tana nema ba ta samu ba, in ta samu sai ta koma kore. Kwana taran nan kuwa ciwon ya dawo wa Baba kamar da. Sannan ta faɗi abin da gidan ya ɓoye: hantarsa ta lalace, likitoci sun ce lokaci ya ƙure. Abin da ya rage kawai shi ne kada ya ƙarasa cikin azaba.

Suwaiba ta bar kifin a wuta ta ɗauki mayafi, ta shiga gidan Baba Tanimu. Asama'u, matar tsohon, ta shigar da ita ɗakinsa. Yana kwance a gefe guda, zufa ta jiƙa matashi, ya damƙe tsohon filafilin jirginsa da hannu biyu yana matsawa duk sanda ciwon ya taso.

Suwaiba ta durƙusa ta gaishe shi, ta gaya masa kiran da aka yi.

"Ashe na'urar tasu 'yar gulma ce," ya ce, yana neman yin dariya. "Har Abuja ta kai ƙarata."

"Baba, ɗamarar ba ta yi wa Inna komai. Mufida ta ce..."

"Na sani, ɗiyata. Tun a asibiti aka gaya mini."

"To don mi?"

Ya matsa filafilin har ciwon ya wuce. Sannan ya tuna mata shekarar da inji ya danne shi, yadda Dudu ke aiko masa da kunun gyaɗa kowace safiya, ba ta taɓa fashi ba. Irin wannan mace ta tako da ƙafar da ba ta takuwa, ta roƙi abu ɗaya.

"Ta ce mini ta yi sujada. Ni zan ce mata ƙarya gwiwarta ke yi? Ki bar mata. Nawa ya kusa."

Suwaiba ta dawo ta tarar rabin kifin ya ƙone. Ta tsaya a bakin rumfa tana tunanin ta ce cajin ya ƙare, ko asibiti sun nema. Amma ba ta taɓa yi wa Inna ƙarya ba, kuma tsohuwar za ta tambaya gobe. Sai ta zauna a gefen tabarma, ta nuna mata fitilar, ta faɗi komai a hankali, har da filafilin da zufar.

Inna Dudu ta dubi gwiwarta. Ta daɗe tana kallon jan hasken. Sannan ta kwance ɗamarar, ta kaɗe ta da gefen zane, ta ce a kama ta ta tashi. Suwaiba ta ce ita za ta kai, tsohuwar ta ƙi.

Tafiyar taku ashirin ta ɗauke su lokaci mai tsawo. Da suka shiga, Inna Dudu ta miƙa wa Asama'u ɗamarar, ta dubi Baba Tanimu.

"Tanimu, tun kana yaro ba ka jin magana."

"Yaya Dudu, ai aro ne, bai ƙare ba."

"Ya ƙare."

Asama'u ta ɗaura masa. Fitilar ta ƙifta ja sau biyu, ta koma kore. Suna kallo yatsunsa suka saki filafilin ɗaya bayan ɗaya, ya ja dogon numfashi, barci ya ɗauke shi kafin su fita.

Kwana biyar ya ƙara. Ya sha kunu, ya sa aka zaunar da shi a ƙofar gida yana kallon jirage na sauke buhunan albasa, yana kushe yadda direbobin yanzu ke shiga gaɓa. Mufida ta iso ranar Laraba. Ranar Alhamis da hantsi ya cika, fuskarsa a sake. Aka binne shi da na'urarsa a jiki kafin azahar.

Bayan addu'ar uku Asama'u ta shigo da ɗamarar a naɗe cikin ɗankwali. Wasiyya ce, in ji ta, ya ce a kawo wa Dudu, Mufida kuma ta yarda. Tsohuwar ta karɓa da hannu biyu, amma ba ta ɗaura ba. Tun ranar da ta mayar da ita gwiwar ta sake ƙagewa, ta koma salla a zaune.

Washegari da safe Suwaiba ta jona ɗamarar a sola, hannunta ya riga tunaninta. Da ta cire, ta tsaya da ita a bakin katanga, sannan ta dawo ta ajiye ta a kan tabarma. Fitilar ta fara ƙiftawa ja.

"Nemansa take yi?" Inna Dudu ta tambaya.

"Eh, Inna."

Tsohuwar ta jawo ta kusa, ta ɗora tafin hannunta a kai. Hasken ya ci gaba da fitowa ta tsakanin yatsunta, yana zuwa yana ɗaukewa. Daga bakin ruwa aka ji wani jirgi ya tada inji.