Baƙin Kasko

Ranar da aka sallamo Baba daga asibiti, likita ya ce ko ɗigon mai kada ya ƙara shiga cikinsa. Kwana shida muna ba shi dafaffe, kwana shida yana ture kwano. Har wuyan rigarsa ya fara yi masa yawa.

Hankalina ya ƙi kwanciya. Shago huɗu na shiga kafin na samu kaskon da ake suya ba mai, abinci kuma ba ya kamawa: mai nauyi, mai kaurin gindi, cikinsa baƙi wuluk, sumul. Mai shagon ya ja kunnena: baƙin nan ne ke hana abinci kamawa, don haka ban da cokalin ƙarfe, ban da soson ƙarfe, ban da wuta mai yawa.

Na karanta wa ƙannena dokokin har suka fara kirana Likitar Kasko. Mama kaɗai ban gaya wa ba. Wa zai koya wa Mama wanke-wanke? Ga shi tun da na karɓe girkin Baba ta rasa wurin zama, ta shiga kicin ta fito, ta buɗe murfi ta rufe.

Ran nan na soya masa kifi, ya ci rabi. Na tafi aiki da murna, amma sai duba agogo nake yi, ina ta lissafin abin da zan soya da yamma.

Da na dawo na tarar da kaskon a kife bakin famfo. Na juya shi. Fari tas, yana ƙyalli.

"Baƙin nan ya ba ni wuya," in ji Mama daga bayana. "Tun safe nake gurza. Ku yaran yanzu, sai ku bar tukunya ta ƙone haka?"

Raina ya ɓaci ƙwarai, na buɗe baki. Sai idona ya sauka kan yatsunta, duk sun saɓule.

"Shekara arba'in ina zuba wa babanku mai a abinci da hannuna," ta ce, muryarta ta yi ƙasa. "Yanzu an ce man ne ya kayar da shi. Girkin ba zan iya ba, to ko wankin ai sai a bar min."

Sannu kawai na iya ce mata.

Na fasa ƙwai a kaskon, ya kama ƙam. Da ƙyar na kankaro shi, na kai wa Baba a dagargaje. Ashe duk ya ji mu. Ya dubi ƙwan, ya dubi Mama da ta ɓoye hannu cikin mayafi, ya cinye tas.

"Gobe ki sayo wani," ya ce da ni. "Ki nuna wa uwarki yadda ake yi. Ni ba mai nake kewa ba, hannunta nake kewa."