Keken Soja

Tun da Abdulai ya fara gadi a wannan sito na Dubai Investments Park, shi da Soja suke aiki, amma ko sau ɗaya bai taɓa ɗora hannunsa a jikin karen ba. Ba ƙiyayya ba ce. Shi yake dafa masa shinkafa da ƙashin kaza, shi yake canza masa ruwa idan rana ta mayar da shi kamar na shayi, kuma da shi yake hira, da Hausarsu ta Zangon Kumasi, har da ɗan yaren Twi in ransa ya ɓaci. Sai dai an taso shi a kan cewa kare abokin gadi ne, ba na taɓawa ba, in yawunsa ya same ka sai ka wanke da ƙasa kafin ka fuskanci alƙibla. Don haka da ƙafa yake tura masa kwano. In Soja ya matso da yawa ya ce masa, "Tsaya nan," shi kuma ya tsaya.

To, Soja ya tsufa. Karen da ya taɓa shiga tsakanin Abdulai da ƙarfen ɓarayin wayar lantarki, ya sha dukan a madadinsa, ya yi 'yan kwanaki yana ɗingishi ya warware, yau ga shi ƙafafun bayansa sun ƙi ɗaukarsa. Zai yunƙura, gaba ya tashi, baya ya zube. Likitan dabbobi ya zo ya duba, ya ce gaɓoɓin ƙugunsa sun cinye, magani sai dai ya rage zafi.

Manajan siton, wanda kowa yake kira Mudir, ba mugu ba ne, amma ba ya son magana biyu. Ya tsaya a bakin ɗakin gadi ya ce wa Abdulai, "Kare mai jan ciki wahala kawai yake sha. Ranar Juma'a bayan salla mota za ta zo. In ya iya takawa zuwa bakin get, ya zauna. In bai iya ba, a kai shi a yi masa allura ya huta. Halas, magana ta ƙare."

Abdulai ya ji maganar har cikin ƙashinsa. Ya zauna yana ta latsa waya don takaici, a nan ya ci karo da bidiyon wani tsohon kare da aka ɗaura wa keke mai taya biyu a baya, yana gudu da ƙafafun gaba, tayoyin suna binsa. Ya kalla, ya sake kallo, sannan ya buga wa Alhaji Musbahu.

Shi Alhaji Musbahu ɗan kasuwar Kano ne, a unguwar Al Ras yake zaune, yana ajiye kayansa a wani lungu na siton kafin a loda kwantena. Mutum ne da bai taɓa furta kalmar "babu" ba. Ka ce masa kana neman injin jirgin sama, zai ce akwai wani yaronsa a Deira. Ai kuwa kafin la'asar ya samo wani shago a bayan Bur Dubai da ke haɗa irin waɗannan kekuna. Mai shagon ya ce a kawo karen. Wace tasi ce za ta ɗauki kare mai jan ciki? Sai ya ce to a aiko masa da awo: tsayi daga ƙasa zuwa ƙugu, kewayen ciki, da tsawon baya. Ya ƙara da cewa dole wani ya riƙe karen a tsaye yayin da ake aunawa.

A nan gizo ya fara saƙa. Alhaji ya zo da tef ɗin awo, cikin farar shaddarsa mai ƙamshin turaren wuta, ya tsaya nesa da karen ya dubi Abdulai. Abdulai ya dube shi.

"Malam Abdulai, ai karenka ne."

"Ina da alwala, Alhaji."

"Ni kuma ce maka aka yi ba ni da ita?"

Soja yana kwance yana kallonsu, yana buga wutsiya a siminti.

"Bari ka gani," in ji Alhaji. "Ni da nake kallon kwali sau ɗaya in faɗa maka ko zai shiga kwantena, kare ne zai gagare ni? Kawo sandar goge-goge."

Haka suka yi, manya da su. Abdulai ya ɗaga ƙashin kaza sama, Soja ya yunƙura don ya kai gare shi, Alhaji ya dasa sanda a gefensa daga nesa, ya sa babban yatsa inda yake ganin ƙugu ya kai, kafin ya gama gani karen ya zube. Kewayen ciki kuwa da ido aka yi shi. Da Alhaji zai tura wa mai shagon, sai ya ƙara a kan kowane awo.

"Me ya sa kake ƙarawa?" Abdulai ya tambaya.

"Haka ake yi. Ka taɓa ganin an ɗinka wa yaro kayan Sallah daidai jikinsa? Ana barin wuri."

"Tsohon kare ne, Alhaji, ba girma zai yi ba."

"Zai yi ƙiba in ya samu sauƙi. Kai dai ka bar mini harkar kaya."

Abdulai bai ji daɗin wannan ƙarin ba, amma ya haɗiye. Mutum yana yi maka alheri, ba ka tsaya kana ja da shi ba.

Keken bai iso ba sai ranar Juma'ar da hantsi. Abdulai ya riga ya yi wanka, ya sa farar jallabiyarsa, yana jiran motar ma'aikata da ke kai su masallaci. Alhaji ya sauke kwalin daga bayan motarsa yana murmushi kamar mai kawo lefe. Suka buɗe. Ƙarfe mai sheƙi, tayoyi biyu, da maɗauri mai laushi wanda zai tallafi ciki. Kaya ya yi kyau, babu ƙarya. Sai dai ko makaho ya shafa ya san wannan keken na ɗan maraƙi ne.

"Ana iya matse shi," in ji Alhaji, amma muryarsa ta ɗan sauka.

Suka matse duk abin da zai matsu. Abdulai ya ari safar hannu ta masu shara, ya zura yankin kwali a ƙarƙashin cikin Soja, suka ɗaga shi da kwalin, ɗaya a nan ɗaya a can, kowa yana janye rigarsa baya. Suka ɗora shi a kan maɗaurin. Ƙugunsa ya ɗage sama, ƙirjinsa ya nutsa ƙasa, ƙafafun gaban suka kasa riƙe shi. Ya zame ta cikin maɗaurin ya faɗo a kan ƙugu. Ƙarar da ya yi ba irin ta kare ba ce, Abdulai bai taɓa jin ya yi irinta ba.

Ran Abdulai ya ɓaci, ɓacin da ya manta da wa yake magana.

"Na faɗa maka ba girma zai yi ba, Alhaji. Na faɗa maka. Wannan ba atamfa ba ce da za ka ce in ta yi yawa a yi ɗankwali."

"To ni na ce ka ƙi riƙe shi? Mai shago cewa ya yi a riƙe shi a tsaye. Kai da ka shekara nawa da shi ka ƙi, sai ni baƙo?"

Maganar ta zauna inda ta zauna. Gaskiyarta ta ƙara wa Abdulai haushi. Ya cire safar hannun ya jefar. Motar ma'aikata ta yi hon a waje. Alhaji ya duba shaddarsa gaba da baya, ya ce, "Yalla, mu je salla, in mun dawo a san yadda za a yi." Su biyun sun san in sun dawo motar likita ce za ta tarye su.

Alhaji ya shiga motarsa. Abdulai ya ɗauki dardumarsa ya nufi get. Yana cikin tafiya ya ji wani sauti a bayansa, shaa, shaa. Ya juya. Soja ne yake binsa. Kullum in Abdulai zai fita sai ya raka shi bakin get, yau ma bai ga dalilin fasawa ba. Yana ja da ƙafafun gaba, cikinsa yana gogar simintin da rana ta gasa, harshe a waje.

"Tsaya nan," Abdulai ya ce.

Karen ya tsaya, a tsakiyar rana, yana haki, yana jiran umarni na gaba.

Abdulai ya ɗaga wa direban motar ma'aikata hannu ya ce su tafi. Ya ajiye dardumar a kan wani kwali. Ya dawo ya durƙusa, ya sa hannuwansa biyu tsirara a ƙarƙashin cikin Soja ya ɗaga shi. Ya yi zaton zai ji nauyi. Babu nauyi. Gashi ne kawai ya rufe ƙashi, haƙarƙarinsa ana ƙirgawa da yatsa. Duk shinkafar nan da yake turawa da ƙafa, ashe tsuntsaye ne suke cin rabinta. Soja ya juyo ya lashi wuyan hannunsa, ya lashi hannun jallabiyar. Abdulai bai janye ba.

Ya kai shi inuwa, ya kwance maɗaurin daga jikin keken, ya zagaya shi a cikin karen kamar majanyi, ya riƙe bakin biyu a hannunsa ya miƙe. Ƙugun ya tashi daidai inda ya kamata. Soja ya taka da ƙafafun gaba, na bayan suka bi a hankali, suna ɗan taɓa ƙasa. Suka je get suka dawo. Suka sake zuwa. Bayan Abdulai ya fara ciwo don sunkuyo, zufa ta jiƙa jallabiyar, ga gashin kare ya manne mata ko'ina. Bai daina ba har ya ji an idar da salla a lasifikar masallacin da ke can nesa, ya ji zafin rasa ta, ya ce Allah ya yafe masa.

A bakin get motar likitan ta same su, Mudir yana gaba kusa da direba. Soja ya yi wa motar haushi, haushin da ya daɗe bai yi ba. Mudir ya sauko ya dubi karen, ya dubi Abdulai, ya dubi keken da ke yashe a gefe.

"Cewa na yi ya taka da kansa," in ji shi.

"Keken ne bai yi daidai ba, Mudir. Laifina ne, ban auna shi da kyau ba. A ba ni lokaci a gyara."

"Kafin nan fa? Haka za ka riƙa riƙe shi kullum?"

"Haka."

Mudir ya yi tsaki, ba na fushi ba, na wanda aka ɓata wa tsari. Ya ce wa direban su juya.

Ba a jima ba Alhaji Musbahu ya dawo, ya tarar da Abdulai zaune a ƙasa, karen a kan cinyarsa. Ya miƙo tef daga nesa. Abdulai ya karɓa ya auna ciki, ya auna baya, yana faɗa, Alhaji yana turawa yadda aka faɗa, bai ƙara ko ɗigo ba. Da ya zo ƙugu sai awon ya ƙi daidaita, hagu ya fi dama sauka. Ya ajiye tef ɗin ya laluba da tafin hannu. A ƙarƙashin gashin akwai wani ƙulli mai tauri, ƙashi ne da ya taɓa karyewa ya haɗe a karkace, daidai inda ƙarfen ɓarayin nan ya sauka. Shi kuwa a lokacin cewa ya yi karen ya warke, ya jefa masa tsokar nama daga nesa a matsayin godiya.

"Nawa ne na ƙugun?" Alhaji ya tambaya.

Abdulai ya ci gaba da shafa wurin. Hannunsa yana kan ƙullin, Soja ya lumshe ido ya saki nauyinsa duka a jikinsa.

"Malam Abdulai, mai shago yana jira."

"Ya jira," in ji Abdulai.