Ƙafafu Uku na Zanen Baba

Shu'aibu ya yi shekaru yana sayar da kayan gyaran manyan motoci a unguwar Roumdé Adjia, kuma abu ɗaya ya sani: in lamba ta yi daidai, kaya ya yi daidai. A kan wannan ko da limami sai ya yi musu.

Ƙanwarsa Kaltumi ce ta gaji injin surfanin mahaifinsu. Zanen wuyan riga da marigayin ya ƙirƙira da hannunsa yana cikin wata 'yar baƙar aba da ke jikin injin, mai tagar gilashi da ƙafafu ashirin da huɗu, wadda masu gyara ke kira fus. Wani Bature ne ya zuba masa zanen a ciki tun da daɗewa. Yanzu fus ɗin ta tsufa, ta fara mantuwa, kuma babu wani wuri a duniya da zanen yake sai cikinta.

Shu'aibu ya duba lambar, 2716, ya sayo sababbi biyu daga Kano. Barthélemy mai gyaran rediyo ya sha fama kafin ya kwashe zanen ya zuba a cikinsu. Yana gamawa tsohuwar ta mutu, kamar dama jira take.

"Patron, dakata in duba takardar kamfani tukuna," in ji Barthélemy.

"Lamba ɗaya, ƙafa ɗaya, me za ka duba?" Shu'aibu ya danna ɗaya cikin gurbin tsohuwar, ta zauna daram. Ya kunna wuta. Sai ƙauri, sai ɗan siririn hayaƙi.

Kaltumi ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Yaya, saura ɗaya." Da ma ta zage shi, da ya fi masa sauƙi. Kunya ta kama shi, ga tsoro, don rabon da ya tuna fuskar Baba sosai har ya manta, amma zanen nan ko a mafarki ya gane shi.

Sai yanzu Barthélemy ya samu ya duba takardar kamfanin: ashe kamfanoni biyu ne suka raɗa wa kayansu lamba ɗaya, alhali aikin ƙafafu uku ya saɓa. Inda sabuwar ke jiran saƙo, can injin ke turo wuta mai ƙarfi.

Barthélemy ya ɗauki wadda ta rage, ya lanƙwasa ƙafafun nan uku sama, ya kewaya da siraran wayoyi. Shu'aibu mai ɗaga gindin tirela ne ya riƙe masa fus ɗin da yatsu biyu. Da aka gama, ya ja baya, ya ce, "Kaltumi, ke kunna."

Allura ta soma tafiya a kan farar shadda. Ta zagaya, ta sauko, sannan a kusurwar hagu ta yi ɗan karkacen nan da Baba ya ƙi gyarawa duk tsawon ransa, wanda Shu'aibu ya sha yi masa tsiya a kai.

Ya sa yatsa ya shafa wurin. "Wannan rigar kar ki sayar," ya ce. "Tawa ce."