Yadda Kamfani Ya Haɗa Ta

Shekara huɗu da sayen motar, Yaya Babba bai ɓare ledar da ke kan allon rediyonta ba. A wurinsa, abin da kamfani ya haɗa ba a sa masa hannu. Don haka da ofis suka tura shi kwas na wata uku, sai da ya tsayar da ƙaninsa Auta a gareji ya yi masa huɗuba kafin ya miƙa makulli.

"Ka riƙa tayar da ita, kana kai Antinka unguwa. Amma ko turare ka rataya a madubi zan sani."

Auta ya yi wata guda yana haƙuri da sifikun motar, waɗanda in an ƙara murya sai su kama kakari kamar mai mura. Daga nan haƙuri ya ƙare, ya kai ta wurin Dogo, mai gyaran wutar mota a bayan layin masu taya.

"Sauti nake so wanda ake ji a ƙirji," in ji Auta. "Amma ta yayana ce. Kada a ga alamar an taɓa."

Dogo ya leƙa ƙarƙashin sitiyari da tocila, ya daɗe bai ɗago ba.

"Sautin mai sauƙi ne. Wahalar ita ce motocin nan komai ta rediyo yake bi. Maɓallan sitiyari, kyamarar baya, har kukan da take yi in ba ka ɗaura bel ba. Ka yanke waya ɗaya, duk su tafi yajin aiki."

Kwana huɗu ya yi a kanta. Rediyon ya bar shi a mazauninsa. Ya sa soket mai shiga tsakanin wayoyin ba tare da an yanke ko sili ɗaya ba, ya ɓoye amfilifaya, ɗan akwatin ƙara ƙarfin sauti, a ƙarƙashin kujerar gaba, sababbin sifiku suka shige bayan tsofaffin murafen ƙofa. Wuni guda ya ɓata yana rage kukan bel, don da farko ya fito kamar jiniya. Da ya gama, komai yana aiki, ledar allo ko lanƙwasa ba ta yi ba.

Kwana tara Auta ya mori abinsa. A na goma Yaya Babba ya sauka, an gajarta kwas ɗin.

Ko jaka bai ajiye ba ya wuce gareji. Ya shafa kujeru, ya danna kowane maɓalli, ya sa giyar baya ya duba kyamara. Auta na tsaye a gefe yana kallo. Sai Yaya ya kunna rediyo, muryar mai karanta labarai ta cika motar, kai ka ce a kujerar baya yake zaune.

Yaya ya kasa kunne. Ya ƙara murya kaɗan.

"Auta."

"Na'am, Yaya."

"Ka ji ko? Sai mutum ya yi nesa da abu yake sanin darajarsa. Wannan shi ne aikin kamfani. Da kai ne da tuni ka kai wa 'yan kwance-kwance sun lalata ta."

"Gaskiya ne, Yaya."

Ya karɓi makullinsa, bai sake bayarwa ba. In sun fita tare kuma Auta ya kai hannu zai ƙara murya, sai ya buge hannun, wai kada ya fasa masa sifiku.

Maƙwabcinsu, likitan haƙori, irin motar gare shi sak, har launi. Wata Asabar Yaya ya zaunar da shi a tasa, sannan suka koma ta likitan. Bambancin bai ɓoyu ba.

"Likita, ko dai an cuce ka, ko kuma riƙo ne," in ji Yaya cikin tausayi. "Mota amana ce."

Abin ya tsaya wa likita a rai. Ya je wurin dillalin da ya sayar masa, aka auna aka ce lafiyarta ƙalau. Ya yi ta yawo har wani mai taya ya nuna masa shagon Dogo. Bayan mako guda likita ya kira Yaya ya zo ya ji.

"Me ka yi mata?"

"Ba komai," in ji likita, yana kallon gefe. "Ƙura na sa aka busa."

Yaya ya gyaɗa kai, ya ce ai dama ya faɗa.

Da yamma Auta na wanke tayoyi, Anti, matar Yaya, ta fito da kwandon shanya ta tsaya a kansa.

"Ɗan akwatin nan na ƙarƙashin kujerata yana ɗumama mini ƙafa," ta ce a hankali. "Ba ƙorafi nake yi ba. Gobe dai kai za ka kai labulen falo wurin tela, ka tsaya har ya gama."

Auta ya matse soso, ya tambaye ta ƙarfe nawa.